Hoton da Na Juya

Litinin, 3 ga Maris

Netwok ɗin asibiti ya sake ɗaukewa. Wannan karon masu gyaran titi ne suka tsinke kebul da katafila, daidai bakin get, sannan suka tsaya suna kallonsa kamar macijin da suka kashe. Mai kula da netwok ɗinmu, wanda muke ce wa Yana-zuwa, ya leƙo ɗakin hoto ya ce, "Anti, yana zuwa." Na ce Allah ya kawo shi lafiya.

Abin da ke ba ni haushi, injin ɗaukar hoton namu sabo ne fil, amma ba mu da likitan da ke karanta hoto. Yana can babban asibiti, tafiyar yini guda. Ni in ɗauki hoton ƙirji ko na ƙashi, hoto ya bi netwok ya same shi, shi kuma ya aiko da abin da ya gani. Da netwok ya ɗauke, shi ke nan, hotuna su yi layi a kwamfuta, masu su su yi layi a kan benci, kowa na kallon bakina kamar ni na ɓoye shi a jaka.

Don haka muka koma tsohuwar sana'a: a ɗauki allon kwamfuta da waya a tura masa. Mu kan yanke saman hoton don kada sunan mutum ya yi yawo a wayoyi. Dogo, abokin aikina, kyamarar bayan wayarsa ta fashe tun bara, da ta gaba yake ɗauka, yana lanƙwasa wuya kamar zalɓe. Ita kuwa ta gaba juya hoto take yi irin na madubi, dama ta koma hagu. Kowa ya sani: in ka ga zuciyar mutum ta koma dama, to wayar Dogo ce. Babban likitan da ke karanta mana hoton ya gaji, ya ce in riƙa gyarawa kafin in tura masa. Yau kaɗai na juya hotuna sun fi a ƙirga. Na ce wa Dogo wallahi in bai gyara wayar nan ba ni zan jefa ta a kwata.

Baban yara yana ta tari. Wai ƙurar katako ce.

Talata, 4 ga Maris

Babu netwok. Tarin bai tsaya ba. Na ce ya zo a duba shi, ya ce me zai kai shi asibiti alhali asibitin ne yake kwana a gidansa. Tun da na fara aikin nan "Likita" yake ce mini, ya san sarai ba na so. Kafinta da taurin kai, ko ƙusa albarka.

Alhamis, 6 ga Maris

Gabana bai daina faɗuwa ba tun safe.

Ya fita zai tafi shago, sai ga shi ya dawo ya zauna a bakin ƙofa yana haki, gumi ya jiƙa masa riga. Mutumin da ke ɗaukar ƙyaure shi kaɗai! Yau bai yi mini gardama ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Na kai shi ɗakin hoto da kaina, amma na kasa ko saita injin. Dogo ya ce, "Anti, ki je ki nema masa gado, ki bar mini wannan." Na tafi. Ina tsaye gaban nas muna ta jayayya a kan gado sai hoton ya shigo wayata. Innalillahi. Gefe guda fari fat, ruwa ya cinye huhun kusan duka. Zuciya kuma ga ta can a dama. Har na ɗan yi tsaki, na ce Dogo da wayarsa, ko yau ba za ta raga mini ba. Na juya shi, na tura wa babban likita, na rubuta masa cewa wannan maigidana ne.

Allah ya saka masa, bai ɓata lokaci ba. Ya ce ruwa ne mai yawa a huhun dama, a zuƙe shi gobe da safe, a aika a gwada. Ya ce in kwantar da hankalina.

An ba shi gado kusa da taga. Ya ce in gaya wa yaran shagonsa kada su taɓa masa sabon zarto.

Juma'a, 7 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba. 

Sabon likitan nan ne zai yi aikin, wanda bai daɗe da zuwa ba, mai yawan gaisuwa. Aka zaunar da baban yara a bakin gado, ya rungumi filo, bayansa a buɗe. Likitan ya ƙwanƙwasa masa baya da yatsu, dama, hagu, ya sake komawa dama. Na ga ya ɗan yamutsa fuska. Ya ce, "Anti, sautin nan kamar..." Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce babban likita ya gani da idonsa, ni ma na gani, ga hoton nan a wayata. Na miƙa masa. Ya duba, ya duba amsar babban likita, ya miƙo mini wayar. Yaro ne, ni kuma na girme shi a asibitin nan da nisa.

Shi ma baban yara ya ce, "Likita, ni fa hagun ce ta fi yi mini nauyi." Na ce kai da ko kwatance ake maka sai an nuna maka hannun cin abinci, yi shiru a taimake ka. Har nas ta yi dariya. Ni na sa ta dariya.

Allura ta shiga ta dama. Likita ya ja, babu ruwa. Ya ɗan matsa, ya sake ja, sai iska. Sai na ga baban yara ya saki filon, ya buɗe baki yana neman numfashi kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Leɓensa ya canza launi a gaban idona. Yana kallona. Ni kawai yake kallo.

A daidai nan wayata ta yi ƙara. Da ba zan ɗauka ba, sai na ga babban likita ne. Ashe netwok ya dawo, hotunan da suka yi layi tun Litinin sun zubo masa gaba ɗaya, har da na baban yara, na ainihi, wanda ya fito daga inji da ɗan harafin nan na kusurwa mai nuna dama da hagu. Harafin da muke yankewa tare da suna. Ban taɓa jin mutumin nan ya ɗaga murya ba sai yau. "Kada a taɓa masa dama! Kina ji na? Hoton ba a juye yake ba. Mutumin nan zuciyarsa a dama take, haka aka halicce shi. Ruwan yana hagu!"

Ina riƙe da waya a kunne ina kallon allurar a hannun likita.

Huhun da yake numfashi da shi, guda ɗaya mai lafiya, shi muka huda.

Abin da ya biyo baya sama-sama nake tuna shi. Gudu, tukunyar oksijin, wani ya ture ni gefe. An sa masa roba a ƙirji ta dama don iskar ta fita huhun ya tashi, daga baya aka zuƙe ruwan ta hagu. Na ga ruwan a kwalba, ruwan ɗorawa, yana ta zuba. Ni dai na tsinci kaina zaune a ƙasa a baranda, takalmi ɗaya a ƙafa. Yana-zuwa ya biyo ta wurin da fara'arsa ya ce, "Anti, ya zo fa!" Ban san irin kallon da na yi masa ba, amma da baya-baya ya tafi.

Asabar, 8 ga Maris

Yana numfashi. Da roba, da oksijin, amma yana numfashi.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau ba ranar aikina ba ce, amma na karɓi makulli na shiga ɗakin hoto na buɗe hotonsa a babban allo. Ga harafin nan a kusurwa, ƙarami, bai kai ƙwayar wake ba. Ga zuciya a dama, zaune daram abinta. Na kalle ta har idona ya yi yaji. Na san a littafi akwai irin wannan, an taɓa koya mana, har na ci tambayar a jarrabawa. Ban taɓa ganin mutum guda mai ita ba. Ashe shi nake zuba wa ruwan wanka.

Dogo ya shigo ya same ni. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa ƙarasowa. Na ce masa yaya aka yi wayarsa ba ta juya hoton ba. Ya ciro ta ya nuna mini bayanta, gilashi sabo yana ƙyalli. Ya ce, "Ranar Laraba na kai aka gyara, Anti. Ke kika ce in gyara." Wai yana jira in lura da kaina ne ya tsokane ni. Na ce shi bai ga zuciyar a allo ba? Ya ce farin nan ya tafi da hankalinsa, ga layi a waje. Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ni na koma ina ba shi haƙuri.

Sabo turken wawa. Na juya hotuna ɗari don in gyara su, ranar da aka kawo mini wanda ba ya son gyara, shi ma na juya. Ko daƙiƙa ɗaya ban tsaya ba. Abin da ya kasa shiga kaina ke nan, wai ko tsayawa ban yi ba.

Litinin, 10 ga Maris

Inna, mahaifiyarsa, ta zo tare da Yaya, babbar yayarsa. Ba su san batun juya hoton ba, an dai ce musu an sami matsala wajen zuƙe ruwa. Da na gaya wa Inna zancen zuciyar sai ta riƙe baki ta ce, "A dama? Ɗan nawa?" Ta yi ta jujjuya maganar. Wai ita a baya ta goya shi, ina za ta sani. Har ta tambaya ko za a iya mayar masa da ita wurinta. Na ce a'a Inna, ba ciwo ba ne, lafiyarta ƙalau a inda take.

Yaya kuwa ba ta iya barin magana ta wuce ta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ke fa? An ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ga ki ma'aikaciyar asibiti, ga ki matar gida, 'ya'ya har sun fi ki tsawo." Da dariya ta faɗa. Da wata rana ce da na ba ta amsar da za ta kwana tana tauna. Yau sai na tashi na gyara masa filo.

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na san lambar takalminsa. Na san ba ya son a taɓa masa rediyo. Na san tarinsa daga farkon layi. Mu dai ba masu irin zaman ɗora kai a ƙirji ba ne, daga tsokana sai lissafin abin da ya ƙare a gida, kullum ɗayanmu a gajiye. Ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

Zazzaɓi ya rufe shi da yamma.

Laraba, 12 ga Maris

Netwok ya sake ɗaukewa. 

Ana so a ga ko huhun daman ya tashi, don a san ko za a cire robar ko kuwa gaba za a tura shi. Ni na ɗauki hoton da kaina, na ce ko hannuna zai karye ni zan ɗauka. Ya fito a allo, na danna a tura, 'yar da'irar nan ta hau juyawa, tana juyawa, tana juyawa. A da ina yi mata waƙa. Yau ji na yi kamar in sa hannu cikin kwamfutar in tura hoton da ƙarfi.

Dogo ya ciro waya a hankali, ya dube ni, ya mayar aljihu.

Na fita na sami Yana-zuwa a kan tsani, rana na dukansa, yana fama da wata 'yar tasa mai kamo netwok daga tauraron ɗan'adam da aka kafa a saman rufi tun shekarun baya wai don irin wannan rana. Bai ce mini yana zuwa ba. Ya ce, "Anti, ban sani ba. Tun da aka kafa ta ba a taɓa gwada ta ba, na yi magana har na gaji." Na riƙe masa tsanin. Ni, a gaban mutane, ina riƙe wa Yana-zuwa tsani.

Ba ta tashi ba. Zazzaɓi kuma ba ya jira. Ƙarshe dai da wayar na tura. Ban yanke komai ba, ga suna, ga harafi, har gefen teburin da kofin shayin Dogo duk suka fito. Na rubuta, zuciyarsa a dama take, ba juyawa aka yi ba. Na sake rubutawa. Babban likita ya amso, "Na sani, 'yar'uwa. Ba zan manta da mutumin nan ba har in bar aiki." Ya ce huhun ya tashi, amma a waya ba zai iya rantsuwa a kan ƙananan abubuwa ba, a bar robar sai ya ga na ainihi.

Wato zai ƙara kwana da roba a haƙarƙari saboda netwok. Kaina ya kasa ɗaukar wannan.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya dawo da safe, netwok ɗin. An cire robar. Zazzaɓin ya sauka.

Na je na sami sabon likita na ce masa kunnensa ya fi idona gaskiya ranar nan. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne da allura a hannu, da ya tsaya a kan abin da ya ji. Muka tsaya cirko-cirko kowa na jan laifi wajensa kamar bargo ɗaya a lokacin sanyi.

Asabar, 15 ga Maris

Na gaya masa.

Na ja labule, na zauna, na faɗa masa tiryan-tiryan. Wayar Dogo, yadda na juya, yadda na rufe wa likita baki, yadda na rufe masa nasa. Na ce ni ce na kusa kashe ka. Ina jira ya juya mini baya, ko ya ce a kira masa Yaya.

 Sai ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, "Na dai ce miki hagu." Na ce ka faɗa. Ya ce, "A rubuta a ajiye, sau ɗaya a zamanmu na fi Likita gaskiya." Ya so ya yi dariya, ɗinkin ya hana shi.

Na ce ba wasa nake ba. Ya ce shi ma ba wasa yake ba, lokacin da numfashin ya tsaya ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, kuma abin da ya fi tsorata shi fuskata ce, don bai taɓa ganina na rasa abin faɗa ba. Sai ya ɗora hannu a ƙirjinsa ta hagu, ya lalubo, ya mayar dama, ya tsaya. Na ga idonsa ya buɗe. Shi kansa bai sani ba! Shekara da shekaru in zai yi rantsuwa hagu yake bugawa. Ya ce, "Ashe duk alkawarin da na yi miki a kan fanko na yi shi."

Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun Juma'ar da aka huda shi. Haushinsa ma nake ji. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 17 ga Maris

Taro a ofishin shugaban asibiti. An hana tura hoto ta waya, an ce za a jawo layi na biyu ta bayan gini. Na tambaya to kafin a jawo, in ya ɗauke, mai karaya ya yi yaya? Aka ce za a duba. Yana-zuwa ya faɗi abin da ake buƙata dalla-dalla, na ga ana kallon agogo. Na ce a saurare shi, mijina ne ya kwana da roba. 

Ban san ko za su yi ba. Ni dai yanzu da na shiga ɗakin hoto, kafin in ajiye jaka, 'yar fitilar akwatin netwok nake fara dubawa. In kore ce, sannan in ajiye jakar.

Asabar, 22 ga Maris

An sallame mu shekaranjiya. Ruwan daga ciwon huhu ne da ya yi sakaci da shi, magani zai kashe ciwon in ya sha yadda aka ce. Zai sha kuwa, ko da dure.

Ya rame. Rigunansa sun yi masa yawa. Yana zama a doguwar kujerar falo da ya ƙera da hannunsa, yana ba yaran shago umarni ta waya, yana haki tsakanin kalma da kalma.

Yau da rana barci ya ɗauke shi a zaune. Na zo wucewa da kwanon wanki sai na ga kamar ƙirjin ba ya motsi. Na ajiye kwanon. Yana motsi, idona ne. Amma tunda na riga na zo, kuma an ce a riƙa lura da numfashinsa, kuma ba ni da abin sauraren ƙirji a gida, sai na zauna ta damarsa na ɗora kunnena. Don in ji huhun ne kawai.

Zuciyar tana nan. Dab da kunnena, ƙasa kaɗan da inda aka ɗinke. Ba ta sauri, ba ta wasa, ba kamar mai ita ba.

Ban san ya farka ba sai da na ji hannunsa a kan ɗankwalina. Bai ce Likita ba. 

Auta ta shigo ta ce, "Mama, abinci yana kamawa." Ta tsaya tana kallonmu baki buɗe, don ba ta taɓa gani ba. Na ce mata aiki nake yi, ta je ta sauke.

Ban ɗaga kaina ba.